Gurbin Sunan Ummul Khairi

Kai ma ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Ka ga yarinya ta kai aji shida a lakwal, wato makarantar boko, an ce ba ta da takardar haihuwa, ka ce Allah ya kyauta, ka wuce. Fiddausi dai ba ta wuce ba.

Ita ke riƙe da jerin sunayen yaran da wata ƙungiyar sa kai ke nema wa takarda a Waca da Kwaya da Dogo-Dogo. Jerin yana intanet, mutum bakwai ke shiga da wayoyinsu, kowa ya ƙara yaran garinsu, kowa kuma yana iya gyara abin da wani ya rubuta. Saura kwana tara alƙali ya zo ya duba, kuma duk yaron da sunansa ya saɓa da na rajistar lakwal, sai baɗi.

Ranar Talata da hantsi ta buɗe layin wata yarinya ta Kwaya, ta ga Uwani. Ita kuwa da hannunta ta rubuta Ummul Khairi. Ta duba tarihin gyara, ta tarar an canja sunan sau uku, biyu daga ciki aikin Mushe Laminu ne, tsohon malamin da ya koya mata karatu.

Ta hau kabu-kabu sai Kwaya. Ta sami Mushe a gindin bishiyar bedi yana ɓare gyaɗa.

"Mushe, ina kwana. Ku kuka taɓa mini sunan yarinyar nan?"

"Gyara na yi, 'yata. Da kunnena na ji uwarta tana kiranta Uwani. Ke da kike Waca za ki fi ni sanin 'yan garinmu?"

"To mu je mu tambayi uwar."

Suka sami uwar, Zahara'u, tana sussuka. Da Fiddausi ta tambayi sunan 'yarta, sai ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

"Haba Malama! 'Yar fari ce fa, kuma sunan uwar mijina gare ta. Ta ina zan fara?"

"Ko a kunne, Yaya?"

"Ko a rami."

Yarinyar da ke tsince tsakuwa daga wake ta ɗago kai. "Ummul Khairi sunana. Inna ba ta faɗa. Baba ma Hajiya yake ce mini."

Mushe Laminu ya sosa ƙeya. Shekara talatin yana kiran rajista, amma bai tuna cewa a gida ba a kiran irin wannan suna ba.

A nan tsakar gidan, inda rezon waya ya fi kamawa kusa da rumbu, Fiddausi ta mayar da sunan Ummul Khairi, sannan ta shiga saitin jerin. Ta bar gurbin suna da na ranar haihuwa a buɗe lokacin shigar da sabon yaro kawai. Da zarar an adana, duk wanda ya buɗe don gyara zai ga sunan ya yi toka-toka, ya karanta amma ba ya iya taɓawa. Sannan ta ƙara sabon gurbi a ƙasa: sunan da ake kira a gida.

Mushe ya danna sunan da yatsa har sau uku, bai motsa ba.

"Wato kin kulle ni waje."

"Na kulle ɗaki ɗaya, na gina muku wani. Idan kuskure ne na gaske, ku kira ni mu duba rajista tare."

Ya gyara tabarau, ya rubuta Uwani a sabon gurbin, ya ƙara Hajiya, yana murmushi. Kafin mako guda, ya cika gurbin nan na yara arba'in da ɗaya, har ya riƙa bugo waya yana ba ta labarin laƙabi masu ban dariya.

Ranar da alƙali ya zo, aka kira Ummul Khairi, yarinyar ta miƙe da kanta. Zahara'u ta karɓi takardar, ta naɗe ta a leda, ba ta karanta ba, ba ta kuma faɗi sunan ba.

Kai kuma, wane jeri kake riƙewa wanda kowa ke sa hannu a ciki? Buɗe shi yau, ka nemo gurbin da bai kamata a taɓa ba, ka kulle.