Awon Kunne

A ƙauyensu Barira, can gabas da Guci, yara ƙalilan ne ke da takardar haihuwa, don haka da hannu ake auna shekarun shiga lakwal, wato makarantar boko. Yaro zai ɗora hannun dama ta bisa kai ya kamo kunnen hagu. In ya kamo a rubuta shi, in bai kamo ba a ce ya dawo baɗi. Haka daraktan lakwal ɗin, Mushe Zakariya'u, kamar yadda ake kiran malamai a can, ya tarar ana yi, haka kuma ya ɗore, don shi mutum ne da ba ya son gardama.

Sau uku Mas'uda, autar Barira, tana shiga wannan layi ana maido ta. A shekarar da gero ya ƙi aka yaye ta, tamowa ta kama ta, da kyar ta sha, jiki kuma ya ƙi miƙewa. Basira dai Allah ya ba ta. Daga bayan zanan aji ta haddace waƙoƙin lakwal kaf, har tana gyara wa 'yan ciki. Hannun ne kawai gajere.

Kowace shekara Barira sai ta ce, "Mushe, wallahi sa'ar Balkisu 'yar maƙwabtanmu ce, rana guda aka yi sunansu."

Shi kuwa ya ce, "Inna, ido ba mudu ba, amma ya san kima. Dube ta fa. A bari ta ƙara girma."

Balkisun nan bana aji huɗu za ta. Yara kuwa, ka san su da rashin imani: da sun hango Mas'uda za ta rijiya, sai su ɗora hannu bisa kai suna zaro mata harshe. Mahaifinta Mahamadu ma ya gaji, ya ce in aka sake maido ta bana, zancen lakwal ya ƙare, ta bi awaki.

Ana saura kwana biyu a buɗe lakwal, Barira na yi wa Mas'uda kitso, ta ce ta gwada kamo kunnen. Sai ga yatsu sun kama kunne caraf. Barira ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Murna ta hana ta lura cewa yarinyar ko murmushi ba ta yi ba.

Ranar rubutu aka jera yara a gindin gawo, 'yan manyan azuzuwa sun kewaye suna kallo. Da layi ya zo kan Mas'uda, ta ɗaga hannu a sanyaye, yatsun suka tsaya nesa da kunne.

"Ke, miƙa mana!" in ji Barira.

Mushe ma ya so ya taimaka. Ya kama gwiwar hannun a hankali ya ce, "Ƙara kaɗan, 'yata." Hannu ya sandare kamar icce. Ya girgiza kai, ya kira na baya.

A hanyar gida Barira ba ta ko gani don haushi. Sai da suka wuce gonakin gyaɗa ta juyo. "Shekaranjiya da idona na gani. Me ya sa kika yi mini haka?"

Mas'uda ta ce, "Inna, Hanif ne gabana a layi. Ni na goye shi fa." Ta ƙara da cewa, "Ai ni ba ta lakwal ba ce. Kowa ya sani."

Faɗan da Barira ta ɗauko ya bi iska, tausayi ya rufe ta. Shekara uku tana roƙon Allah hannun nan ya kai, ba ta taɓa tambayar abin da layin ke yi wa zuciyar yarinyar ba. Ta riƙo hannun, suka ci gaba da tafiya, Mas'uda na tambayarta ko an riga an saki awaki.