Ƙashin Bayan Jakar Baiwa

"Kai ka karya ta, Hamisu ɗan Indo. Kakin soja bai ɓoye mini fuskarka ba."

Masu layin jiran jar dawar taimako suka sunkuyar da kai. Ba a ɗaga wa soja murya a Matameye a shekarar nan ta fari, amma tsohuwa Baiwa ba ta da sauran abin tsoro.

Shekaranjiya ya tare ta a bakin rijiya, ya ce hukuma na son jakarta. Ya lafta wa dabbar buhuna, ba akumari, a kan gadon bayan da yunwa ta mayar tsinke. Da ta durƙusa, ya sauke mata gindin bindiga a tsakiya. Baiwa ta ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ƙafafun baya suka bar motsi.

Ruwan da jakar ke ɗauka shi ke ciyar da jikokinta tun da ubansu ya tafi ci-rani Kano.

*

Sallau maɗori ya shafa bayan, ya ce ƙafa yake ɗorawa, bai taɓa ɗora gadon baya ba. Baiwa ta hana shi tashi. Suka rataye jakar a reshen gawo don nauyi ya bar ƙashin, ya jera gora hagu da dama, ya naɗe da jiƙaƙƙen ƙirgi. Ƙirgi kam ba ya wuya, shanu na mutuwa ko'ina.

Ba wanda ya tuna makiyaya sun sassare ganyen gawon. Rana ta bugi fatar, ta bushe, ta tsuke. Gora ta nutse cikin nama, haƙarƙari ya fara ƙara. Kafin a samo wuƙar da za ta ci busasshen ƙirgi, jini ya fito wa jakar ta hanci, kukanta ya tsaya.

*

Yanzu ga ƙirgin a ƙofar mangazar da ake rabon dawa, ta jawo shi a ƙasa tun daga gida. Ya sandare da siffar bayan, kamar jakar na ciki.

Hamisu ya ce, "Inna, ki tafi gida," ya ture ta da bindiga. Ta faɗi, leɓenta ya fashe. Ta rarrafa ta zauna kan ƙirgin, ta tofar da jini kusa da takalminsa.

"Ni na goye ka ranar da uwarka ta kwanta ciwo. Kira mini wanda ya ba ka bindigar nan. Ko kai ko shi, yau sai wani ya faɗa wa jikokina wa zai ɗauko musu ruwa."