Fuskar Mai Hoto

Shekara ashirin da biyu Mai Hoto ya yi yana gyara fuskokin mutane. Shagonsa na bakin titi, tsakanin kemis da wani mai ɗinkin labule. In ka zauna ya ɗauke ka, sai ya juya ga kwamfuta, ya share ƙurji, ya goge tabo, ka fito sumul kamar ba ka taɓa shiga rana ba. Tasa fuskar kuwa tun yana saurayi kuraje suka yi mata kaca-kaca, suka bar baƙaƙen tabo da ƙananan ramuka a kumatu. Abin bai taɓa damunsa ba, tunda shi kullum a bayan kyamara yake.

Sai wata makarantar koyon sana'a ta nemi ya yi mata darussan ɗaukar hoto a bidiyo. Aka yi gwaji na minti biyar, aka kunna masa. Ya kalli mutumin da ke magana a allon, ya ga yadda fitila ta bi kowane rami ta fito da shi. Ya nemi a ɗaga aikin zuwa wata biyu.

Babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya, ita ta kai shi wurin likitar fata. Likitar ta jawo fitila, ta juya fuskarsa dama da hagu da yatsa biyu.

"Malam, baƙin tabon zai ragu," in ji ta. "Ramukan kuwa wannan aikin ba zai cike su ba, kada in yi maka ƙarya. Wani sinadari zan shafa maka, ya ci fatar sama, ta bushe ta zube, sabuwa ta fito. Mai sauƙi zan sa, sau uku, saboda fata irin tamu in aka matsa mata ƙara baƙi take yi."

"Da zafi?"

"Kaɗan. Sharaɗi biyu ne: kada ka shiga rana, kada ka ɗaye da hannu. Ka bar ta ta faɗi da kanta."

Ya kwanta a kan gadon, aka goge masa fuska, aka shafa ruwan da auduga. Da farko sanyi ya ji, sannan raɗaɗi ya taso kamar an watsa masa barkono. Ya damƙe gefen gadon. 'Yarsa ta riƙe masa ƙaramar fanka tana danne dariya.

"Baba, ashe wanzami ba ya son jarfa."

"Riƙe fankarki da kyau," ya ce.

Bayan 'yan mintoci aka wanke, aka ba shi man shafawa da man kare rana, ya sayi hula mai faɗin baki a hanya.

Kwana biyu fuskar ta yi tauri tana sheƙi. A na uku ta fara tsagewa a gefen baki. Da safe matarsa ta ajiye masa shayi, ta tsaya tana kallonsa.

"Maigida, yau kuma maciji ne ya yi saɓa a gidan?"

A shago ma haka. Mai kemis ya leƙo ya tambaya ko ruwan zafi ne ya zubo masa. Wata mata da ta zo hoton fasfo ta kasa kallon kyamara, shi take kallo, sai da aka ɗauka sau huɗu.

Rana ta biyar babu ciniki sosai. Yana zaune gaban madubin da masu zuwa ɗaukar hoto ke gyara kwalliya, ya hango wani ɓawon fata a kumatun hagu, ya ɗago rabi, rabi na manne. Hannunsa ya saba, in ya ga abu a fuska sai ya cire. Ya kama da farce ya ja a hankali. Rabin farko ya fita salin-alin. Sauran ya taho da fatar da ba ta nuna ba, wurin ya yi ja, faɗin kan babban yatsa, yana tsattsafo da ruwa.

Cikin mako guda jan ya koma baƙi, ya fi duk tsofaffin tabon duhu.

Likitar ta duba sau ɗaya. "Ka ɗaye."

"Kaɗan ne, Likita."

"Ai ga kaɗan ɗin nan. Garin gyaran gira an taɓa ido." Ta rubuta masa wani mai, ta ce zagaye na biyu sai bayan mako shida, in wurin ya huce.

Makarantar ba ta iya ƙara jira ba. Ranar ɗaukar bidiyo, Mai Hoto ya zo da wuri, ya sauke fitilar da suka kafa a sama, ya mayar da ita gaba, ya sa mata farin kyalle don hasken ya yi laushi. Ya gyara kujerarsa yadda kumatun dama zai fuskanci kyamara. A haka ya yi darussa goma sha biyu, kansa a ɗan karkace, ɗalibai suka ɗauka salonsa ne.

Ya koma ya ƙarasa zagaye biyun da suka rage. Wannan karon in fatar ta fara zuba, sai ya juya madubin shagon ya fuskanci bango. Bayan wata biyar tsofaffin tabon sun dushe, sai an matso ake ganinsu. Ramukan suna nan yadda suke. Tabon da ya yi wa kansa shi ya fi daɗewa, ya kusa shekara kafin ya saje da sauran fuskar.

Likitar ta ce akwai wani aikin daban na ramukan, da na'ura ake yi. Ya karɓi takardar bayanin, ya ce zai yi tunani, ya sa ta a aljihun jakar kyamara ya koma shago.