Tabilet a Cikin Kwat ɗin Baba Orest

Na sha faɗa a taron kwamiti cewa ran da wuta ta ɗauke a ofishinmu, za mu ji kunya. Ƙungiyarmu a Winnipeg tana haɗa direbobin sa-kai da masu ciwon ƙoda da ake kaiwa asibiti wankin ƙoda, amma manhajar da ke gaya wa kowane direba wanda zai ɗauko tana kan tsohuwar kwamfuta guda, ƙarƙashin teburin shugabanmu, Baba Orest Kowalchuk. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Za mu duba, Odile."

Ranar Asabar da safe ƙanƙara ta tsinke wayoyin lantarkin unguwar. Na iske shi a bakin ofis yana ta goga katinsa a ƙofar da ba ta buɗuwa sai da wuta. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga ya sa ta a sifika. Marisol Dizon ce, direbarmu mafi baki.

"Baba, wa zan ɗauko? Madam Thiessen ta kira ni tana kuka. In ta rasa layinta yau sai Talata, ka kuwa san jikinta ba zai kai ba. Ita kaɗai na sani, sauran fa?"

"Ki yi haƙuri, a gyara wuta tukuna."

"A gyara? Kai da masu wutar ai tafiyarku ɗaya."

Na zaro tabilet ɗina daga jaka. Manhajar tana ajiye kwafin kanta a intanet kowace rana, abin da ya rage shi ne a tashe ta a kan wata kwamfutar haya ta intanet.

"A wannan abin kallon fim?" in ji Baba Orest. "Aikin kirki sai a kan tebur, 'yata."

"Teburin yana bayan ƙofa, Baba."

Na cire safar hannu na fara rubutu a tsaye. Na shiga, na jawo kwafin, layuka suka soma gudu a fuskar tabilet ɗin. Sai na kalli caji. Da na fito gida ya fi rabi, yanzu ya koma ja. Sanyin garin nan haka yake shanye batir, shi ya sa kowa ke cusa wayarsa a ƙirji. Ni kuwa in na cusa shi, ba zan ga abin da nake rubutawa ba.

Na dubi Baba Orest, na dubi ƙaton kwat ɗinsa da tumbin da ke ciki.

"Buɗe zif."

"Me?"

"Buɗe, Baba. Ɗuminka nake so."

Ya yi gunaguni, amma ya buɗe. Na manna bayan tabilet ɗin a kan rigar cikinsa, ya jawo kwat ɗin ya rufa mini kai kamar tanti. Ciki sai warin kofi da albasa.

"Me kuke yi ne?" in ji Marisol ta waya.

"Yarinyar nan ta mai da ni murhu."

"Yau dai tumbin ya yi rana."

"Daina dariya, Baba," na ce, "kana girgiza mini layi."

Manhajar ta ƙi tashi, tana neman adireshin tsohuwar kwamfutar ofis. Na gyara da ɗan yatsan da ya kusa sandarewa, na sake turawa. Batirin bai ƙara sauka ba.

Can sai muka ji wayar Marisol ta yi ƙyas.

"Jerin sunayen ya shigo! Thiessen, sannan wani Malam Beardy a titin Selkirk. Ga direba Gurpreet ma ya ce nasa ya zo. Na tafi."

Na zaro kaina waje, gilashina duk ya yi hazo. Baba Orest bai saki kwat ɗin ba.

"In sake shi, ko da saura?"

"Riƙe dai, sai kowa ya isa asibiti."

Ya ƙara ƙanƙame shi, ya sa ɗaya hannun ya kira Madam Thiessen ya ce ta sa takalmi, mota na hanya.