Ranar da Yatsan Sallau Ya Gudu

Zazzaɓin ya kama Sallau bayan azahar, yana kwance a gindin bangon da ya yaɓe da safe, lakar ko bushewa ba ta yi ba. Ba ciwon kan ne ya fi damunsa ba. Maganar 'yarsa Uwani ce ta ƙi barin kunnensa.

Ta cika shekara goma sha takwas, ta ce gobe za ta je makarantar firamare ta Tudun Faru a yi mata rajista, tunda zaɓen gwamna da na 'yan majalisar jiha ya matso.

"Baba, abu uku doka ta tambaya," in ji ta. "Ɗan ƙasa ne? Shekarunsa sun kai? A nan yake zaune? To wanne ne babu a kaina?"

"Na ukun," in ji Sallau. "Alhaji Nagwamma ya ce mu baƙi ne. Ya ce duk wanda ya fito daga gidajen nan ya shiga layi, to ya fara naɗe tabarmarsa."

Garinsu na asali, Tungar Marke, ruwa ya cinye shi. Da suka haye kogi suka tsira, sai suka tarar wannan gaɓar wata jiha ce daban. Filin da suka kafa ɗakuna a kai a Tudun Faru kuwa na Nagwamma ne, ɗan siyasar unguwa.

"Ba za ki je ba, Uwani. Na gama magana."

Ta juya masa baya. Tukunya ta ɗora a murhu da ƙarfin da sai da duwatsun suka motsa.

Yanzu ga shi idanunsa sun yi nauyi, bangon yana numfashi a bayansa kamar saniya. Yana cikin haka sai babban yatsansa na dama ya tsinke kamar nunannen dabino, ya faɗo kan tabarma, ya miƙe tsaye.

"Tun da muka haye kogin nan ba ka ba ni aiki ba sai ɓare albasa da share hawaye," in ji yatsan. "Ni na tafi neman inda za a dangwala ni."

"Kai, dawo nan, ɗan banza! Wa zai ja mini carbi?"

Yatsan ya fice yana tsalle kamar kwaɗo. Sallau ya bi shi, ba takalmi, ba hula. Suka ratsa lambun albasa, suka gangara gaɓa. Kogin ya ɗaga kansa kamar labulen ƙofa, yatsan ya shige, shi ma ya shige.

A ƙarƙashin ruwan rana koriya ce. Ga Tungar Marke nan yadda ya bar ta, sai dai gansakuka ta yi wa hasumiyar masallaci gemu. A gindin marken da a da ake ajiye akwatin zaɓe, kifaye sun yi dogon layi: karfasa, ragon ruwa, giwan ruwa, kowa da haƙurinsa. Wata tsohuwar tarwaɗa ce zaune a kan teburi tana shafa gashin baki.

"Na gaba," in ji ta. Ta dube shi sama da ƙasa. "Ina kake kwana?"

"Iya, ni ɗan garin nan ne. Ga ɗakin da aka haife ni can. A bayansa aka binne cibiyata."

"Ban tambaye ka inda aka haife ka ba, ɗan nan. Wa ke kwana a ɗakin yanzu?"

Sallau ya waiga. Wata karfasa ta leƙo ta tagar ɗakin uwarsa, 'ya'yanta na bin ta a baya, ta yi masa kallon da ake yi wa mai tallan da ya shigo ba sallama.

"Hura wuta mu gani," in ji tarwaɗar.

Ya laluba aljihu ya ciro ashana. Ya ƙyasta, kan ya narke. Ya sake, ya narke. Kifayen layi suka yi dariya, dariyar ta tashi sama kumfa-kumfa.

"Ba korar ka nake yi ba," in ji tarwaɗar, muryarta ta yi laushi. "Amma ka ga akwatin nan ya zama na masu ƙaya. Je ka bi hayaƙinka. Inda yake tashi, can ne wurinka."

Sai ya ga wani siririn hayaƙi yana saukowa daga sama, yana ratsa ruwa bai jiƙe ba. Ƙanshin daddawa da kuka ke cikinsa. Girkin Uwani ne, ko a lahira zai gane shi. Yatsan ya riga ya kama shi yana hawa. Sallau ya damƙe hayaƙin da yatsu huɗu, ya hau kamar mai fita daga rijiya.

Ya fito a wani fili fari fat, ba ciyawa, ba inuwa. Can gaba mutane ne a layi, yatsunsu na haske kamar ƙananan fitilu. Tsakaninsa da su ba komai sai turke ɗaya, irin wanda ake kafawa a kan iyakar gona. Turken na sanye da babbar riga da hular Alhaji Nagwamma.

Sallau ya taka dama, turken ya yi tsalle ya tare. Ya taka hagu, ya sake tarewa. Duk inda ya sa ƙafa, sai ya ga iyakar ta riga shi.

"Baƙo, tsaya can," in ji turken.

"Can ina, Alhaji?"

"Can ɗin da ba nan ba."

A bayansa ruwa ya biyo shi, yana lasar diddigensa. Sallau ya yi abin da ya saba yi tun da suka haye: ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, mu ba masu neman rigima ba ne. Wurin kwana kawai muke so."

Yana faɗa, turken ya ƙara tsawo. Ya ƙara sunkuyawa, turken ya wuce giginya. Sai ya ji numfashi a gefensa. Uwani ce tsaye da mayafinta, amma duk durƙuson da ya yi sai ta ragu. Ta koma kamar 'yar shekara goma, ta koma kamar mai rarrafe. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ga bakin yana shafewa daga fuskarta, kamar zanen da aka yi a yashi.

"Malam, har yanzu durƙuson ne?"

Ya san muryar. Hansai ce, uwar Uwani, wadda ta rasu a daminar farko bayan sun haye. Tana zaune a kan tudun kabarinta, da faifai a cinya tana tsintar wake, kamar a tsakar gida.

"Hansai! Me kike yi a nan?"

"Zama. Ni ai mazauniya ce, ba mai tashi na." Ta jefar da wata tsakuwa. "Ranar da kuka kawo ni, ƙasar nan ta tambaye ku daga wace jiha nake? Buɗe baki ta yi ta karɓe ni. Ko Alhaji ya zo ya ce in matsa?"

"Ke kin huta. Ni nake da yarinya a hannu. In ya tashe mu, ina zan kai ta?"

"Dubi inda ka kai ta yanzu," in ji Hansai, ta nuna Uwani da baki. Yarinyar ta koma tsawon yatsan da ya gudu, su biyun suna tsaye gefe da gefe.

Hansai ta buga ƙasa da tafin hannu sau ɗaya. "Masu shaida, ku fito."

Filin ya tsage. Albasa ta fito kai-kai, layi bayan layi, kowace da harshe kore. "Shi ya shuka mu," suka ce. Hanyar kasuwa ta taso kamar maciji ta ce, "Na san tafin ƙafarsa, har kaushin." Tubalan masallacin unguwa suka ce, "A kansa muka zo." Daga ƙarshe wani sauro ya sauka a kunnensa ya yi gyaran murya. "Ni jininsa nake sha kullum. Da farko ɗanɗanon ƙetare gare shi. Yanzu kam wallahi na nan ne."

Dariya ta ƙwace wa Sallau. Ya manta rabon da ya ji ta. Dariyar ce ta ɗaga shi, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Yana miƙewa turken na sauka, Uwani na tsawo, bakinta na dawowa.

"Zan tashe ku!" in ji turken, hular na rawa. "Filin nawa ne!"

"Filin naka ne, Alhaji, ban musa ba. Zaman nawa ne. Nan nake kwana, nan nake tashi, nan hayaƙina yake. Ka rushe ɗakin, in shimfiɗa tabarma kusa da matata. Nan ɗin ma Tudun Faru ne. Ka tambayi doka, ka tambayi sauro."

Yatsan ya yi tsalle ya koma mazauninsa, jiƙe da tawada, yana zafi kamar garwashi. Sallau ya taka. Turken bai yi tsalle ba. Sallau ya ɗaga hannu ya dangwala masa yatsan a tsakiyar goshi, ya danna da duk ƙarfinsa. Itacen ya lotsa, ashe ciki duk gara ce. Turken ya buɗe baki zai faɗi wani abu, ruwan da ke baya ya yi ruri ya taso...

"Baba! Baba, tashi!"

Uwani ce ke girgiza shi, da ƙwaryar kunu a ɗaya hannun. Ana kiran la'asar. Rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Kana ta faɗa da wani turke," in ji ta. "Har da sauro a cikin maganar."

Sallau ya dubi hannunsa. Babban yatsan na nan, ya yi baƙi da laka. A jikin bangon, daidai kansa, ga shatin yatsan ya zauna a cikin yaɓen, da zanensa duka. Ya daɗe yana kallonsa. Tsoron bai tafi ba.

"Uwani, da safe masu rajistar suke buɗewa?"

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. "Baba, Alhaji fa?"

"Ki nemo mini tsohon katina na zaɓe, in ce su mayar da sunana nan. Tare za mu shiga layin."

Ya dafa bango ya tashi zai yi alwala. Uwani ta sunkuya za ta naɗe tabarmar kamar yadda ta saba.

"A'a," in ji Sallau. "Bar ta a shimfiɗe."