Gobara a Silimar Braimah

Silimar Braimah tsohon siton masara ce a bakin babbar kwatar da ta raba unguwannin Nima da Maamobi. An toshe tagoginta da buhuna, an shafa wa bango ɗaya farar ƙasa, an jera benci. Da yake ciki duhu ne ƙirin, ana iya nuna fim da rana tsaka, kuma wannan ne ya kawo mata kasuwa a shekarun farko na 'yancin Gana. 'Yan dako da suka gama lodin safe a tashar Tudu, masu gadi waɗanda rana ce hutunsu, mata masu talla, duk nan suke tururuwa.

Yawancinsu ba su jin Turanci, saboda haka Braimah ya ɗauki Iliasu ya riƙa tsayawa a gefen farin bangon yana ba da labarin abin da ake gani. Iyayen Iliasu mutanen Gwandu ne, amma a Nima aka haife shi. Hausarsa cikakkiya ce, yana kuma jefa yarukan Tuwi da Ga a inda za su sa dariya. Turancinsa kuwa na bakin tasha ne. Don haka duk sabon fim sai ya fara kallonsa da safe tare da Jamiu, mai juya injin majigi, wanda ya yi makaranta kuma yake auren Zuera, ƙanwar Iliasu. Jamiu ya gaya masa abin da aka ce, shi kuma ya ƙara nasa.

Kullum sai sun yi gardama a kan aikin.

"Yaya, bakinka ba ya riƙe magana," in ji Jamiu wata safiya, yana goge gilashin injin. "Jiya tun matar ba ta taɓa kofin ba ka gaya wa mutane akwai guba a ciki."

"Ai an nuna lokacin da aka zuba."

"Rabinsu ba su lura ba. Da ka yi shiru, da ta faɗi sai su zabura."

"Su zabura sau ɗaya, shi ke nan," in ji Iliasu. "Ni kuwa da na faɗa musu, tun daga shigowarta ɗakin har ta zauna, ta ɗauki kofin, ta ajiye, ta sake ɗauka, ko tari ba wanda ya yi. Luba mai gyaɗa har hawaye ta yi tana cewa kar ki sha."

Jamiu ya fi son irin fim ɗin da su biyun suke kira wa-ya-yi, wanda ake tsintar gawa tun farko, ɗan sanda ya bi gida gida yana tambaya, ba a sanin mai laifi sai a ƙarshe. Ya ce to me ya sa a irin wannan Iliasu yake iya kame bakinsa?

"Wannan dabam ne. Abin ya riga ya faru, kai da ɗan sandan duk a duhu kuke, tare kuke lalube. In na faɗi sunan mutumin na kashe fim ɗin. Na jiya kuwa abin bai faru ba tukuna. Mai fim ɗin da gangan ya nuna maka gubar, don ka sani ita ba ta sani ba, ka zauna da abin a cikinka ba yadda za ka yi. In wani bai gani ba, aikina ne in nuna masa."

Braimah, wanda ya shigo yana sauraronsu, ya yi tsaki. Shi mutumin arewacin Gana ne, da dakon doya ya fara kafin ya yi arziki. Ya ce shi duk wannan surutu ne, a ba shi na gudu kawai, wanda ake bin mutum ɗaya daga mota zuwa jirgin ƙasa zuwa saman soro, mai kallo bai samu sukunin tunani ba har a tashi. Iliasu ya yi dariya ya ce a irin wannan shi hutawa yake yi, iyakarsa ya nuna wane ne namu wane ne nasu.

Ranar wata Asabar cikin watan zafi Braimah ya kawo gwangwanayen fim daga wurin wani dillalin tsofaffin finafinai. Jamiu ya buɗe ɗaya, wani wari mai yaji ya bugi hancinsu. Naɗin fim ɗin yana danƙo, ga wani jan gari a gindin gwangwanin.

"Maigida, wannan tsohon yayi ne, irin mai kama wuta," in ji Jamiu. "Ya fara ruɓewa. In ya kama, ruwa ba ya kashe shi. Kuma ka san zafin da ake yi a sama."

Ɗakin injin wani ɗan bene ne na katako a ƙarƙashin kwanon rufi, daidai saman babbar ƙofa.

"Ka nuna yau da gobe," in ji Braimah. "Litinin a mayar masa."

Jamiu ya dubi Iliasu, Iliasu ya ɗaga kafaɗa. Sun sha nuna tsofaffin finafinai ba abin da ya faru. Jamiu ya ɗebo yashi a bokiti ya hau da shi.

Silimar tana da wata ƙaramar ƙofa ta gefen kwata. Da yake ta nan masu shiga ba tikiti suke silalowa, Braimah ya daɗe da sa mata sarƙa da kwado, makullin yana aljihunsa. Ranar, da aka cika aka fara, ya sa aka ja babbar ƙofa, ya tafi gida cin abinci.

Fim ɗin na wani tela ne da yake aiki shi kaɗai a shagonsa, alhali wanda aka turo ya kashe shi ya riga ya shiga ya laɓe a bayan yaduka. Iliasu ya samu irin wanda yake so. Ya sassauta murya, ya nuna wa mutane ƙafar mutumin a ƙarƙashin yadin. Duk lokacin da telan ya matsa kusa sai ya ce, "Bayanka, malam, bayanka!" Mutane suka ɗauka, suna tayawa.

A duk ɗakin Iliasu kaɗai ne fuskarsa take kallon baya. Shi ya fara ganin wani haske yana motsi ta tsagar katakon benen, hasken da ba na inji ba, sai kuma hayaƙi rawaya yana kwararowa ƙasa. Gwangwanayen da ke jiran layi ne suka kama. Injin kuwa bai tsaya ba, telan yana ta ɗinkinsa a bango.

"Wuta!" in ji Iliasu. "Ku tashi, wuta a bayanku!"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce yau Iliasu ya ƙaro gishiri. Wata mata ta ce, "Ina wutar? Wuƙa ce a hannunsa!"

"Wallahi ba fim nake faɗa ba! Ku waiwaya!"

'Yan kaɗan suka waiwaya. Iliasu ya taka kan mutanen benci na gaba ya fizge buhun taga mafi kusa, hasken rana ya shigo, aka ga hayaƙin. A daidai nan hoton ya ɓace, wata ƙara ta tashi daga benen kamar an zuba fetur a murhu.

Wasu daga benci na baya sun samu sun ture babbar ƙofa sun fita kafin katakon ya fara zubowa. Sauran suka juya suka yi kan ƙaramar ƙofa gaba ɗaya. Tagogin na sito ne, da sandunan ƙarfe. Iliasu ya hango Jamiu a bakin benen, rigarsa na ci, yana watsa yashi. Da a ce ya yi tsalle a lokacin, da ya tsira da karaya. Sai ya koma ciki, ga alama don ya janye sauran gwangwanayen. Bai sake fitowa ba.

Wani maƙeri da ke aiki a tsallaken kwata ne ya zo da guduma ya karya kwadon. Kafin nan na gaba sun faɗi, na baya sun hau kansu. Mutum bakwai suka rasu. Jamiu ne kaɗai wuta ta ci, sauran a gindin ƙaramar ƙofa aka ɗauke su, har da Luba, da farantin gyaɗarta a ƙarƙashinta. Iliasu ya fita da ƙuna a hannun dama, da tarin da bai sake shi ba sai bayan damina.

Tun ba a share makoki ba magana ta fara yawo a unguwa cewa Jamiu taba yake sha a ɗakin inji. Ba wanda ya san inda ta fito. Jamiu bai taɓa sa taba a bakinsa ba, kuma duk wanda ya san shi ya san haka, amma waɗanda suka rasa 'yan uwa suna neman sunan da za su kama, nasa kuma shi ne a kusa. Zuera tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, ga 'ya'ya uku. Bayan ta fita takaba ta sake kafa tukunya, sai ta ga mutanen da suka shekara suna saye a wurinta suna wucewa zuwa layin gaba.

Da aka sa ranar bincike a kotu, dattawan unguwa suka kira Iliasu zauren liman. Suka ce abin da ya faru ƙaddara ce, Braimah ya yi asara shi ma, ya kuma ɗauki nauyin likkafani da sadaka. Bai kamata a kai Musulmi gaban hukuma a tozarta shi ba. Iliasu ya saurara kansa a ƙasa, ya ce ya ji. Ranar zaman ya je ya faɗi komai: warin gwangwanin, gargaɗin Jamiu, amsar Braimah, sarƙar da makullin.

Lauyan Braimah ya miƙe a natse, ta bakin tafinta ya tambaye shi aikinsa.

"Ina ba mutane labarin fim."

"Kana jin Turancin da ake yi a fim ɗin?"

"Kaɗan."

"To abin da ba ka ji ba, me kake gaya wa mutane?"

Iliasu ya ce yana cikewa da abin da ya dace.

"Wato kana ƙirƙira. Kuma sana'arka ke nan, da ita kake ci." Lauyan ya duba takardunsa. "Shaidu sun ce da ka yi ihun wuta dariya aka yi. Mutanen da suka san ka kullum ba su yarda da kai ba. Marigayin kuma mijin ƙanwarka ne, ko ba haka ba?"

Ba wani wanda ya ji gargaɗin Jamiu sai su uku, ɗaya ya mutu, ɗaya ya ce bai tuna ba. Dillalin finafinan ya ce lafiya lau ya ba da kayansa. A ƙarshe aka ce ba a tabbatar da abin da ya tada wutar ba, amma akwai alamar sakaci daga mai kula da inji. Braimah aka ci shi tara saboda sarƙar, ya biya a ranar ya koma gida.

Iliasu ya nemi dako a Tudu, hannun ya ƙi. Ya gwada kiran fasinja, tarin ya hana shi. Abincin gida biyu ya dawo kansa, nasa da na Zuera, ga shi ba ya samun na gida ɗaya. Ƙaramar 'yar Zuera ta kwanta da ƙyanda, ta tashi ba ƙiba ba ƙarfi.

Bayan shekara Braimah ya buɗe sabuwar silima a wani fili mai katanga, ba rufi, ƙofofi uku. Ya ɗauki wani mai ba da labari, mutane suka ce ba ya iyawa. Sai ya aiko wa Iliasu. Iliasu ya kori ɗan aiken. Da aka sake aikowa bai kore shi ba. Ya yi kwanaki yana juya abin, sannan wata yamma ya sa rigarsa mai dogon hannu ya tafi.

Bai gaya wa Zuera ba, a bakin famfo ta ji. Da ya kawo mata masara da kifi a ƙarshen mako, ya tarar ta ɗaure kayanta.

"Kumasi za ni, wurin Gwaggo," ta ce.

"Zuera, saboda yaran nan na koma. Kin ga yadda ƙaramar ta zama."

"Na gani, Yaya. Ban ce ka yi laifi ba." Ta ci gaba da naɗe tabarma. "Amma ba zan iya ba su abincin da ya fito daga hannun mutumin nan ba. Ka kai wa matarka."

Da safe ya raka su tasha. Ya taimaka aka ɗora tukunyar kokon a saman lori, ya miƙa mata yaran ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna a tsakiyar benci inda ba ta ganin waje. Babban yaron ne ya leƙo ta tsakanin katakai ya ɗaga masa hannu. Iliasu ya tsaya har lorin ya fita daga tashar, sannan ya bi ta unguwar Adabraka a ƙafa ya koma Nima, don an kawo sabon fim kuma sabon mai injin yana jiransa su kalla a duhun ɗakin inji.