Nauyin 'Yar Tsattsewa

"Sassauta hannu, Malam, ba alli ka riƙe ba," in ji maƙwabcina daga kan gado.

Na sassauta. 'Yar tsattsewar da ta faɗo daga rufin gidansa ta lafe a tafin hannuna. A awon tsattsewa ya ƙarar da ƙuruciyarsa, tsawon fiffike da nauyi, damina da rani, har unguwa ta sa masa Baba Sikeli. Da ciwo ya kwantar da shi hannunsa ya soma rawa, sai in na taso daga makaranta in auna masa.

"Fiffike ya kai," ya ce. "Ɗora ta a sikeli."

Na ɗora, na faɗa masa. Ya harari autarsa, wadda ke tsaye da kwanon abinci.

"Auta, kin sake ɗura mata ƙwari."

"Baba, ramewa fa take yi!"

"Ramar ake so. Ɗan tsattsewa yakan fi uwarsa nauyi. In tashi ya matso sai ya rage ci da kansa, har fiffiken ya iya ɗaukarsa. 'Yan'uwanta sun fara tafiya. Ki bar ta ta yi sauƙi, ina so in ga tashinta."

"Na ji. To kai fa? Ko cokali ɗaya."

"Ajiye can, uwar masu ɗura."

Ta ajiye, ta fita da sauri tana share ido da gefen mayafi.

Daga ranar ta daina ɗura wa tsuntsuwar ƙwari. Muka jawo gadonsa bakin taga. Kullum nauyin na raguwa, muryarsa ma haka, sai na sunkuya nake jin ta.

"Kada a jefa ta," ya ce mini wata yamma. "A hau sama, a buɗe hannu, a jira."

Washegarin yammar da sikeli ya nuna nauyin da Baba Sikeli yake jira, ina aji aka aiko. Ya cika da hantsi, fuskarsa na wajen taga.

Da mutane suka ragu, Auta ta ɗauki tsuntsuwar muka hau bene. Ta buɗe hannu. Tsattsewar ta daɗe tana karkarwa, sannan ta saki jiki, ta yi ƙasa kamar za ta faɗi, ta wuce ta gaban tagarsa, ta ɗaga.

Auta ba ta rufe hannun ba.